Daga Fadamar Haɗeja Zuwa Jahun: Kada Ki Yi Gaggawar Mai Da Ita Gida

Idan kin taɓa shiga ƙasar Haɗeja a ƙarshen damina, kin san ƙasa ce da ruwa ke mulki. Kogin Kano da Kogin Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogi ɗaya, ya gangaro ta Ringim ya iso Haɗeja. Daga nan ƙasa ta kwanta shimfiɗe, sai kogin ya rasa hanya ɗaya da zai bi, ya rarrabu ya bazu cikin fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Can wajen Gashuwa yake haɗuwa da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

Wannan ruwa shi ne arzikin mutanen nan. Shi ke ba da shinkafa da damina, alkama da tattasai da albasa da rani. Shi ke cika kasuwar kifi ta Haɗeja da tarwaɗa da karfasa da banda, har 'yan kasuwa su yi lodi zuwa kudu. Da hunturu tsuntsaye kan taso tun daga Turai su sauka a dajin Baturiya. Amma tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa da dama, ya koma bin gonaki da gidaje. A ambaliyar 2022 matasan Haɗeja sun kwana suna jera buhunan ƙasa a kan jinga don kada ruwa ya ci garin, ƙauyuka da yawa kuwa sai da kwale-kwale ake shiga.

To, naƙuda ba ta san damina ba. Yarinya mai cikin fari tana ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya, ciwo ya taso da daddare. A ce a bari gari ya waye. Gari ya waye a ce a jira maigida ya dawo ya ba da izini. Ya dawo a shiga neman kwale-kwale, a haye, a nemi babur ko amalanke zuwa bakin titi, sannan mota zuwa Babban Asibitin Haɗeja. Kwana biyu ko uku sun wuce. Duk tsawon lokacin nan kan jariri yana danne da naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, ya matse shi a jikin ƙashin ƙugu, jini ba ya isa wurin. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Bayan 'yan kwanaki naman da ya mutu ya zube ya bar ɓula, sai fitsari ya riƙa zuba dare da rana, wani lokaci har da bayan gida. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ba jifa ba ne, ba iska ba ce, ba kuma hukuncin wani laifi da ta yi ba ne. Yankan gishiri ma yana kawo shi, haka kuma rauni a wajen tiyata.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Kan jaririn yakan danne jijiyoyin da suka sauka ƙafa. Sai ki ga yarinyar da ta shiga naƙuda da ƙafafunta ta fito tana jan ƙafa ɗaya, tafin ya saki, ba ta iya ɗaga shi. Wadda ta daɗe kwance a naɗe saboda kunya da ciwo kuma, gwiwoyinta kan ƙage. Ga rama, ga ƙarancin jini, ga fatar cinya da fitsari ya cinye, ga zuciyar da ta yi wata tara tana jiran ɗa ta koma hannu wayam.

Mafi yawan irin waɗannan mata daga ƙasar Haɗeja Jahun ake tura su, kudu maso yamma da Haɗeja, cikin masarautar Dutse. Masu bi ta Gujungu, garin da kasuwarsa ke ci ranar Lahadi, sukan sake tsallaka kogin nan dai kafin su isa. A Babban Asibitin Jahun ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, MSF, tana aiki tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa tun 2008, kan haihuwa mai matsala da jarirai da gyaran yoyon fitsari, kuma kyauta ake yi. Da kin shiga harabar za ki ga iyaye mata irinki zaune a kan tabarmi, da kwanuka da butoci da ƙullin kaya. Za ki ji Hausa da Fulatanci da Barbarci. Za ki kuma ga 'yan mata suna tafiya sannu a hankali, kowace riƙe da ɗan bokiti ko roba, bututun fitsari ya sauka ciki. Babu mai kallon wata, don duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Zaman nan yana da tsawo. Idan ɓular sabuwa ce kuma ƙarama, akan sa robar fitsari na wasu makonni, wani lokaci ta rufe da kanta ba tare da wuƙa ba. Idan ba ta rufe ba, sai an jira wurin ya warke, an ƙara mata jini da ƙarfi, sannan a yi aiki. Bayan aiki robar takan zauna mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, gwargwadon girman raunin, ana ta ɗura mata ruwa don kada bututun ya toshe. Wata aiki ɗaya ya ishe ta, wata sai an koma sau biyu ko uku. Ke mai jinya kin bar gidanki, kin bar yara a hannun kishiya ko maƙwabciya, kin kwana a ƙasa har bayanki ya ƙage, kuɗin guzuri ya ƙare.

Sai ranar da aka cire roba, aka duba, zani ya kwana a bushe. Kina ta hamdala, kin fara ɗaure kaya, sai ma'aikaciyar jinya ta ce miki: “Mama, za ta bar gadon nan, amma ba gida za ta ba tukuna. Za ta koma masauki.” A nan ne zuciyar uwa ke karyewa. Wata biyu, wata uku, yanzu kuma a ƙara? Saboda wannan ranar na rubuto miki, 'yar'uwa. Barin gadon asibiti daban, warkewa daban.

Masaukin nan ba asibiti ba ne sosai, ba kuma gida ba ne. A Jahun akwai cibiyar farfaɗo da masu wannan lalura, inda suke zama bayan aiki. A Kano, matan da aka yi wa aiki a cibiyar Laure ta Asibitin Murtala sukan zauna a masaukin Kwalli. A Katsina akwai Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, ya ga halin da mata ke ciki, ya koma gyaran yoyon fitsari, ya kuma koyar da likitoci masu yawa. Ko a Habasha, asibitin da Dokta Catherine Hamlin da mijinta suka buɗe a Addis Ababa a 1974 sai da ya gina wani ƙauye na musamman, Desta Mender, don matan da ke buƙatar dogon zama. Duk inda aka daɗe ana wannan aiki an gane abu ɗaya: ɗinki yana rufe ɓula, amma ba ya koya wa ƙafa tafiya, ba ya koya wa mafitsara riƙe fitsari, ba ya mayar wa mace da murmushinta.

Me ake yi a wannan zama na biyu? Na farko, gashi da motsa jiki. Masu gashin ƙashi sukan riƙa miƙe mata ƙafar da ta saki, su sa ta taka da sanda ko dafe da bango, kullum a ƙara 'yan taku. Jijiya a hankali take farfaɗowa, watanni take ɗauka. Na biyu, horar da mafitsara. Mafitsarar da ta yi watanni ba ta tara komai ba ta tsuke, ta manta aikinta. Akan sa mata lokacin zuwa fitsari, a riƙa tsawaita shi, a koya mata matse naman ƙasan mara da sake shi. Shi ya sa wata za ta ga ɗigo idan ta yi tari ko dariya alhali ɓular ta rufe. Kada ki firgita, ki faɗa wa ma'aikata. Na uku, sa ido. Idan ɗinki zai ba da matsala, gara ya ba da ita kusa da likita, ba a ƙauyen da sai an hau ruwa ba. Na huɗu, sana'a da hira: ɗinki, saƙa, haɗa sabulu da man shafawa, da zama cikin matan da ba sa toshe hanci idan ta zo. Yarinyar da ta yi watanni tana cin abinci ita kaɗai a bayan ɗaki, a nan take sake sa hannu a kwano ɗaya da mutane.

Yanzu ki tuna gidan da za ki mai da ita. A fadamar Haɗeja mace ba ta zama. Da ruwa ya janye an shiga yankan shinkafa, daga nan sai shukar alkama da ban ruwa. Akwai ɗibar ruwa, akwai daka, akwai turara shinkafa a manyan tukwane, akwai bandar kifi, akwai kai abinci gona. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da aka hana ta, domin ɗaukar nauyi da yunƙuri suna iya ɓalle ɗinki. Sannan ga babbar magana: likitoci kan hana kwanciyar aure na tsawon wata uku zuwa shida, su kuma ce a jinkirta ɗaukar ciki. A masauki wannan doka tana da mai tsaron ta. A ɗakin miji, yarinya 'yar shekara sha shida ce za ta tsare ta ita kaɗai, gaban miji da uwar miji. Manomin fadama ya san jingar da aka yi jiya ba a sakar mata ruwa yau. Sauri ya haifi nawa.

Za a matsa miki. Za a aiko cewa aiki ya yi yawa, ko a ce ai ta warke, zaman me take yi. Wani mijin ya riga ya aiko da takarda tun tana kwance, wani kuma, Allah ya saka masa, ya sayar da akuya ya biyo ta. Idan yana nan, ki roƙi ma'aikata su zaunar da shi su yi masa bayani da bakinsu, don maganar likita ta fi ta suruka shiga kunne. Idan an sallame ta gaba ɗaya, ki nemi ta fara sauka a gidanki, kamar yadda ake zuwa wankan gida, har wa'adin ya cika.

Idan ba za ki iya zama da ita a masauki ba, ki tafi da kwanciyar hankali, amma kada ki ɓace. Ki bar mata zannuwa masu sauƙin wanki, da sabulu, da takalmi mai riƙe dunduniya idan ƙafar tana ja. Ki sa mata kati a waya, ki kira ko da gaisuwa ce kawai. Kada tambayarki ta farko kullum ta zama “Ya tsaya?” Ki tambaye ta abin da ta koya yau, ki ba ta labarin ƙannenta. Ki bar ta ta yi kukan ɗanta, domin sau da yawa ciwo yakan sa a manta ba a yi mata ta'aziyya ba. Ki kuma tuna mata cewa wannan lalura ba ta raba ta da salla ba. Malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari a alwala, ku tambaya a faɗa muku.

Ranar komawa gida, ki adana katin asibiti kamar yadda kike adana sarƙarki, ki riƙe ranar da aka ce a dawo a duba ta. Idan Allah ya kawo wani cikin, awo tun da wuri, haihuwa kuma a asibiti, galibi ta hanyar tiyata, don kada gyaran ya lalace. Ki lissafa watan haihuwa. Idan zai faɗo tsakanin Agusta da Oktoba, lokacin da kogi ke cika, ki kawo ta cikin gari wajen 'yan'uwa tun kafin hanya ta yanke. Ki nemi izinin miji tun yanzu, ki ajiye kuɗin mota da lambar direba. Wannan shawara ba ta mai ciwo kaɗai ba ce, ta duk wata mai ciki ce da ke bakin ruwa. Naƙudar da ta ga fitowar rana ta ga faɗuwarta ba a haihu ba, ba ta gida ba ce.

Ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara duniya kan tuna da masu wannan lalura. Mu kuwa ba sai mun jira ranar ba, don a unguwanninmu suke, a bayan ɗakuna. Idan kin san wata, ki gaya wa mahaifiyarta akwai magani a Jahun, kuma idan an ce ta ƙara zama, ta bar ta ta zauna. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sauki masu ciki lafiya. Amin.