Cabaceiras: Ƙauyen da fari ya jawo wa 'yan fim

IDAN darakta ya kwashi 'yan wasa da kayan aiki ya tafi lokeshin a daji, babu abin da ya ke tsoro kamar hadari. Da zarar gabas ta haɗo, shi ke nan, sai a naɗe kyamara a koma gida, kuɗin furodusa ya bi ruwa. To, akwai wani ɗan gari a ƙasar Birazil inda wannan fargabar ba ta cika damun kowa ba, domin a can sai a yi wata da watanni ko ɗigo bai sauka ba. Sunan garin Cabaceiras, a na furta shi Kabaseras.

Ƙaramar hukuma ce a Jihar Paraíba da ke arewa maso gabashin ƙasar. Daga João Pessoa, babban birnin jihar da ke bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 180 ce zuwa yamma. Mota za ta bar gonakin rake kore shar, ta yi ta hawa tudu har birnin Campina Grande, sannan ta ƙara wajen kilomita 70. A nan ne ƙasa ke sauya kama: ciyawa ta ɓace, itatuwa su gajarce, duwatsu su fara leƙowa. Kafin a shiga gari, ido zai faɗa kan wasu manyan fararen haruffa a bisa tsauni: Roliúde Nordestina. Ma'anarsa, Holiwud ta arewa maso gabas, an rubuta ta yadda bakin mutanen yankin ke faɗi. A 2007 a ka kafa allon.

Awaki sun fi mutane yawa

Kada mai karatu ya ji an ce Holiwud ya zaci wani katafaren birni ne. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 5,035 a duk faɗin ƙaramar hukumar, ta 2022 kuma 5,335. Wato cikin shekara goma sha biyu mutum 300 kacal su ka ƙaru. Faɗin ƙasar ya haura murabba'in kilomita 450, ka ga kenan kowane murabba'in kilomita ɗaya bai wuce mutum goma sha ɗaya ko sha biyu ba. A ƙidayar 2010 fiye da rabin jama'ar a ƙauyuka da gonaki su ke zaune, ba a cikin gari ba. Awaki kuwa sun ninka mutanen.

Tun a 1735 a ka kafa garin, ya kuma samu sunansa ne daga duma, wanda ke fitowa da yawa a wurin a wancan zamani. Mutanen na magana da harshen Fotugis, akasarinsu mabiya ɗariƙar Katolika ne. Cikin garin 'yan tituna ne da ba su taka kara sun karya ba, da tsofaffin gidaje masu fenti kala-kala, da wata daɗaɗɗiyar majami'a a bakin dandali.

Me ya hana su ƙaruwa? Amsar ɗaya ce: ruwa. Cabaceiras ta yi suna a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da su ka fi ƙarancin ruwan sama a duk Birazil. Abin da ta ke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 350 ba, wanda bai kai rabin na Kano ba. Dalili shi ne tsaunukan Borborema. Iskar da ke ɗauko damshi daga Tekun Atilantika ta kan sauke kayanta a gabashin tsaunukan, kafin ta iso Cabaceiras ta bushe ƙayau. Ɗan abin da ya samu ya kan zuba ne cikin 'yan watanni a farkon rabin shekara, wata shekarar ma ya ƙi zuwa.

Dajin yankin a na kiransa caatinga, wato "farin daji" a harshen Tupi na mutanen asali, saboda da rani itatuwa kan kaɗe ganye su yi fari fat. Sai tsirrai masu ƙaya masu kama da ƙerana, waɗanda ke adana ruwa a jikinsu. Kogin Taperoá da ya ratsa yankin ya fi yawan kwanakinsa a bushe. A farin da a ka yi daga 2012 zuwa 2017, babban dam na Boqueirão da ke maƙwabtaka ya janye har ya koma kimanin kashi 3 cikin 100, sai da a ka jawo masa ruwa daga Kogin São Francisco a watan Afrilu na 2017. A irin wannan ƙasa, saurayi da ya tasa ya kan ɗauki jaka ya nufi Rio de Janeiro ko São Paulo neman na kansa.

Yadda kyamara ta shigo

Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani. Ranar da ke ƙone wa manomi masara ita ce hasken da mai ɗaukar hoto ke nema. Ga sama tas babu gajimare, ga tsofaffin gidaje da ba sai an gina na ƙarya ba, ga shiru.

Fim ɗin da ya fito da garin shi ne O Auto da Compadecida na darakta Guel Arraes, wanda a ka ɗauko daga wasan kwaikwayon da Ariano Suassuna ya rubuta a 1955. Labarin wasu abokai biyu ne matalauta: João Grilo, mai wayo kamar Gizo, da Chicó, matsoraci mai zuba ƙarya. Matheus Nachtergaele da Selton Mello ne su ka fito a matsayinsu. Gidan talbijin na Globo ya nuna shi kashi-kashi a 1999, ya shiga silima a 2000, ya kuma zama ɗaya daga cikin finafinan da 'yan Birazil su ka fi ƙauna. Wani abin dariya, a labarin an ce a garin Taperoá a ke, alhali titunan Cabaceiras ne a ke kallo.

Daga nan ƙofa ta buɗe. An ɗauki wani ɓangare na Cinema, Aspirinas e Urubus na 2005 a nan, haka ma shirin Onde Nascem os Fortes na 2018 da Cangaço Novo na 2023. Finafinai da shirye-shiryen da a ka yi a garin sun haura 30. Mutanen gari kan samu fitowa a cikin taro, masu abinci da masu masauki su yi ciniki. Akwai ma ɗan gidan tarihi da ke ajiye hotuna da kayan da a ka yi aiki da su.

Lokeshin ɗin da ya fi jan daraktoci shi ne Lajedo de Pai Mateus, kimanin kilomita 25 daga gari. Wani makeken falalen dutse ne, a bisansa an jera mulmulallun duwatsu wajen ɗari, kai ka ce da hannu a ka ajiye su. Ɗaya daga ciki ya rarake ta ƙasa kamar hular kwano, mutum na shiga ya tsaya. An ce wani mai magani ne ya yi zaman kaɗaici a ƙarƙashinsa a ƙarni na 18, shi ya sa wurin ya ci sunansa. Da la'asar sakaliya duwatsun kan rine su yi ja.

Fim baƙo ne

Sai dai fa ɗan fim baƙo ne, ya na gama shutin ya ke tattara nasa ya nasa. Da a ka tashi yin kashi na biyu na O Auto da Compadecida, wanda ya fito a Disamba 2024, ba a dawo Cabaceiras ba. A cikin situdiyo a Rio de Janeiro a ka gina garin, na'ura ta cike sauran.

Abin da ke riƙe da mutanen yau da gobe akuya ce, don ita ke jure fari. Su sha nono, su yi cuku, su ci nama, su jeme fata. A gundumar Ribeira, wadda a da ta yi fice wajen noman tafarnuwa, majema da dukawa sun haɗa ƙungiya mai suna Arteza a 1998. Su na jima da ɓawon itacen angico, kamar yadda majeman ƙasar Hausa ke yi da bagaruwa, su ɗinka takalma da jakunkuna da huluna da a ke kai wa sassan ƙasar. Sana'ar ta sa samari da dama sun fasa tafiya ci-rani.

Saboda haka ne tun 1999 su ke shirya bikin Festa do Bode Rei a wajejen watan Yuni, inda baƙin da ke zuwa kan fi 'yan gari yawa nesa ba kusa ba. A na baje kolin dabbobi, a yi kiɗa da rawa, sannan a zaɓi bunsuru guda a ɗora masa kambi a matsayin sarki. Duk taurarin da su ka taka garin, babu wanda a ka taɓa yi wa irin wannan naɗin.