Kafin a tambayi kuɗin kwikwiyo, a tambayi ina uwarsa

A Amurka da Ingila akwai muhawarar da ta daɗe tana raba kan masu son karnuka, har wasunsu ba sa ga-maciji da juna. Wanda ke son ajiye kare a gidansa, ya je ya sayi kwikwiyo wurin masu kiwon sayarwa, ko ya nufi gidan riƙon da ake tara karnukan da aka yasar ya ɗauko guda? Wani zai ce ina ruwanmu, mu da kare a wurinmu na gadi ne da farauta. Ni kuwa ina ganin maganar ta isa a tsaya a kanta, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ta shafi duk mai rai da aka mayar haja: idan mai saye ya biya ya tafi da abin da ransa ke so, wa aka bari da wahalar? Matsayina shi ne gidan riƙo ya kamata mutum ya fara nufa, wanda kuma ya zaɓi saye, nauyin kawo hujja a wuyansa yake.

Ƙungiyar ASPCA mai hana zaluntar dabbobi, wadda aka kafa a New York a 1866, ta taɓa ƙiyasta cewa karnuka kimanin miliyan 3 ke shiga gidajen riƙo a Amurka kowace shekara, kuma kusan 390,000 daga cikinsu allurar kisa ce ƙarshensu. Adadin yana da ɗaga hankali, amma a shekarun 1970 miliyoyi ake kashewa. Abubuwa biyu suka sauko da shi: dandaƙar karnuka don rage haihuwar barkatai, da kuma yadda mutane suka saba da zuwa su ɗauki riƙo. Ke nan wannan hanya an gwada ta, an ga amfaninta. Kuma kada a ɗauka kowane kare da ke can mai laifi ne. Da yawansu, mai gidan haya ne ya ce ba ya son kare, ko kuɗin likitan dabbobi ya fi ƙarfin mai shi, ko tsohuwar da ke kula da shi ta rasu.

Inda maganar ta fi yi mini nauyi shi ne asalin kwikwiyon da ake gani a gilashin kanti ko a hoton talla na intanet. Akwai gonakin da aikinsu kawai fitar da 'yan kwikwiyo, jihar Misuri a Amurka ta yi suna a kansu, inda karya ke rayuwa a keji, ana yi mata barbara duk lokacin da ta nema, ana ɗauke 'ya'yan, har ranar da ta daina haihuwa. Ƙa'idar da gwamnatin tarayyar Amurka ke aiki da ita a ƙarƙashin wata doka ta 1966 ta wadatu da kejin da ya fi tsawon kare da inci 6 kacal. A yi tunanin rayuwa sukutum a fili irin wannan, kuma doka ta ce ba laifi. A 2013 an ceto wata karya mai suna Lucy daga irin wannan gona a yankin Wales, bayanta a tanƙware, gashinta ya zube, tana fama da farfaɗiya. Ta mutu a 2016, amma da sunanta ake kiran dokar da ta fara aiki a Ingila a Afrilun 2020, wadda ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Jihar Kalifoniya ta riga Ingila, tun Janairun 2019 ta hana kantunan dabbobi sayar da karnukan masu kiwo, New York ta bi sahu a ƙarshen 2024. Duk waɗannan dokoki wuri ɗaya suka sara, wato kan dillali, domin shi ne labulen da ke tsakanin mai saye da uwar kwikwiyon. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, to wannan sana'a kacokan a kan irin cinikin nan ta ginu.

Masu saye za su ce, ai akwai masu kiwo na gari, masu rajista, masu takardar asalin kare har kaka da kakanni. Gaskiya ne akwai su. Sai dai takardar asali shaida ce ta nasaba kawai, ba ta ce komai game da lafiya ba. A 2008 BBC ta nuna wani shiri da ya tona yadda haɗa dangi na kusa da neman wata siffa ta musamman suka nakasa nau'o'in karnuka a Birtaniya, har tashar ta daina haska gasar Crufts, babbar gasar karnuka ta ƙasar. Nau'in Cavalier, wanda Lucy ta fito daga cikinsa, an yi ta ƙanƙance masa kai har ƙoƙon ya matse ƙwaƙwalwa, ga ciwon zuciya na gado. Kotun ƙolin Norwe ta tabbatar da haramcin kiwonsa a 2023. Bulldog kuwa an lotse masa hanci har numfashi ya zama aiki, minsharin da masu shi ke jin daɗin ji alamar shaƙewa ce, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na 'ya'yansa sai an yi wa uwar tiyata ake ciro su, saboda girman kai. Duk da haka a 2022 bulldog ɗan Faransa ya zama karen da aka fi yi wa rajista a Amurka, ya ture Labrador da ya shekara 31 a kan gaba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai kiwo yana fitar da abin da kasuwa ke nema ne, kuma mai saye shi ne kasuwar.

Akwai hujja ta biyu da ba zan raina ba. Karen gidan riƙo sau da yawa ba a san tarihinsa ba, kuma mai ƙananan yara yana da haƙƙin tsoron abin da bai sani ba. A wurare da dama a Amurka, manyan karnuka masu ƙarfi ne suka cika gidajen, waɗanda ba kowa zai iya da su ba. Wasu gidajen suna gindaya sharuɗɗa har mai niyyar alheri ya gaji ya tafi kanti. Sunan ceto ma an yi ha'inci da shi: bayan dokar Kalifoniya, an samu 'yan kasuwa da suka riƙa shigo da kwikwiyon gona da sunan ƙungiyoyin ceto na bogi, sai da aka sake ɗaure dokar a 2021. Duk wannan gaskiya ne, kuma gidan riƙon da ya ɓoye cewa kare ya taɓa cizo ya ci amana. Amma maganin wannan shi ne a faɗi gaskiya, a gwada halin kare, a bar iyali su zauna da shi na ɗan lokaci kafin su yanke shawara. Kwikwiyon intanet ma ai ba a san tarihinsa ba, tallarsa ce kawai ta fi kyau.

Inda na yarda da kiwo ba tare da jinkiri ba shi ne inda aiki ke buƙatarsa. Cibiyar Seeing Eye ta Amurka, da aka kafa a 1929, tana kiwon nata karnukan don yi wa makafi jagora, domin wanda zai tsallaka titi da makaho dole a san halin iyayensa. Haka karen Azawak, da ya samo suna daga yankin Azawak na tsakanin Nijar da Mali: Buzaye sun zaɓe shi saboda gudu da gadin zango da jure zafi, jikinsa kuma ya fito daidai da aikin. Kiwon da aiki ke ja wa gora yana neman kare mai huhu da ƙafa, shi kuwa na ƙawa ko a jikinsa idan kare ya kasa numfashi, muddin fuskar ta yi kyau a hoto.

Saboda haka wanda ya duba gidajen riƙo bai samu abin da ya dace da gidansa ba, ya ga sai ya saya, akwai abin da ya wajaba a kansa. Ya taka da ƙafarsa zuwa inda aka haifi kwikwiyon, kada ya yarda a haɗu a bakin hanya ko a aiko masa a mota. Ya nemi sakamakon gwajin cututtukan gado na uwa da uba. Ya tambayi mai kiwon ko zai karɓi karen idan zama ya gagara, ko bayan shekara goma ne, domin mai kiwon da ke karɓar nasa ba ya cika gidajen riƙo. Ƙa'idojin Ingila na 2018 sun hana mai lasisin kiwo sayar da kwikwiyon da bai cika sati takwas ba, sun kuma ce a nuna wa mai saye shi tare da uwarsa. Idan aka ce masa uwar ta fita, ko tana wani gida, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya juya.