Girar Taga a Zangon Kumasi

Duk wanda ya ratsa Aboabo ko Asawase a 'yan shekarun nan zai ga sabbin gidaje sun ɗauki ado iri guda: tagogin gilashi, an kewaye su da ƙawanyar siminti mai tudu da kwari, irin wadda ake zubawa a mazubi a sayar. Salon Turai ne, kuma ba aibu ba ne. Sai dai mun karɓe shi ba mu waiwayi namu ba.

Gidan Bahaushe na da, a Kano ko Zariya, ba ya buɗe ido ga titi. Tagarsa 'yar kafa ce can sama, domin sirrin iyali. Ado yana ƙofar zaure: magini ya zana dagi a ɗanyen yaɓe, a shafe bango da makuba, zanko ya tsaya bisa soro. Fataken goro da suka baro Salaga bayan yaƙin 1892 suka gangaro Kumasi sun tarar da wata irin ƙasa: damina biyu a shekara, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Soro bai dace da nan ba. Aka koma rufin kwano, taga ta faɗaɗa don shan iska, zanen kuwa aka bar shi a hanya.

Bara, da muka tashi gyaran gidanmu na gado, yayana ya so ƙawanyar mazubi, ni kuma na kafe a kan dagi. Wani dattijon magini ne ya raba gardama. Ya ce, "'Ya'yana, ku fara tambayar ruwan sama." Ya nuna mana cewa saman taga na bukatar gira mai fitowa, da siririn kwari a ƙarƙashinta, don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi bango, leɓen ƙasa kuma ya karkata waje. In babu wannan, yaɓe ya kumbura, gansakuka ta baƙanta fenti. Sai da ya gama girar, sannan ya zana ƙaramin dagi a tsakiyarta tun siminti bai sha iska ba.

Masu wannan hannu a Zango sun manyanta, kuma sana'ar da ba a nema takan bi mai ita kabari. 'Yan'uwa, in za ku yi gini, ku neme su tun suna nan. Kumasi ta koya mana yadda ake kare bango. Mu kuma mu bar wa jikoki alamar inda muka fito.