Ranar Da Muka Buɗe Cikin Kwamfuta

Mu 'yan aji biyar ne a wata makarantar sakandare da ke ƙaramar hukumar Bagwai. Shekara biyu muka yi muna karatun kwamfuta da alli a kan allo. Mun haddace cewa firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, har mun ci maki da wannan amsa, amma babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa ganin ta da idonsa. Kwamfuta uku ce a makarantarmu. Biyu sun daina aiki, ana shirin sayar wa 'yan gwangwan, ta ukun kuma tana ofis an lulluɓe ta da zane kamar amarya.

Abin da ke tayar mana da hankali shi ne, tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Wasu yayyenmu masu ƙoƙari sun dawo daga jarrabawar jiki a sanyaye. Sun san amsoshin, amma hannu na rawa, suna tsoron kada su danna wani abu na'urar ta lalace, har lokaci ya ƙure musu. Baɗi mu ne a layi.

Wata Laraba cikin hunturu, malaminmu ɗan bautar ƙasa ya shigo aji rungume da ɗaya daga cikin matattun kwamfutocin. Ya nuna mana cewa ba a jone take da wuta ba, sannan ya miƙa wa wata 'yar ajinmu sukudireba ya ce, "Kwance ta." Ta ja da baya ta ce, "Malam, in na ɓata fa?" Ya ce, "Abin da aka ce ya mutu, me za ki ɓata?"

Da murfin ya fita, abin da muka fara gani ƙura ce, jajir, irin ta hanyar gona. Kafin mu sa hannu, Malam ya sa kowa ya taɓa ƙarfen akwatin. Ya ce tartsatsin nan da muke ji idan muna cire riga da sanyi ya isa ya kashe wani sashe na kwamfuta, taɓa ƙarfen ne ke sauke shi daga jikinmu.

Sai ya nuna mana wani faffaɗan faranti kore mai siraran layuka, wanda masu gyara ke kira madabod. Komai a jikinsa yake haɗe. Mu da muka tashi kusa da madatsar ruwa ta Watari ba mu sha wahalar ganewa ba: yadda babbar hanyar ruwa ke rabuwa zuwa ƙanana har ta kai kowace gonar shinkafa, haka layukan nan ke kai wuta da saƙo ga kowane sashe. A can gefe akwai akwatin wuta. Shi ke karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 230, ya mayar da ita 12 da 5 da 3.3. Wannan akwati kam Malam ya gargaɗe mu kada mu taɓa buɗe shi, domin yana riƙe wuta ko bayan an cire soket.

Firosesar da muka daɗe muna haddacewa tana ƙarƙashin fanka, faɗinta bai wuce na kwalin ashana ba. A cikinta akwai ƙananan makunnai da ake kira taranzista, kowanne ko a kunne ko a kashe, wato 1 ko 0. Da waɗannan biyun kaɗai ake rubuta komai. Babban harafin A, alal misali, 01000001 ne. An ƙirƙiro taranzista a Amurka a 1947. Firosesar Intel 4004 da ta fito a 1971 tana da guda 2,300 ne kacal, na yau kuwa suna ɗauke da biliyoyi. Yawan aikin nan ke sa ta zafi, shi ya sa ba ta rabuwa da fanka.

Inda muka fi jin daɗin bayani shi ne bambancin RAM da ma'ajiya. Ma'ajiya rumbu ce: abin da aka zuba yana nan ko an kashe kwamfutar shekara guda. RAM kuwa faifai ce da ake ɗebo hatsin da za a yi aiki da shi yanzu. Tana da sauri ƙwarai, amma da an ɗauke wuta duk abin da ke kanta ya zube. A nan muka gane dalilin da ake cewa mutum ya riƙa adana rubutunsa yana cikin yi. Mun kuma gane dalilin da waya ke nauyi idan an buɗe manhajoji da yawa: faifan ne ya cika.

Muka share fanka da ƙaramin buroshi. Malam ya zare sandar RAM, muka goge bakinta mai ruwan zinare da abin goge fensir, muka mayar da ita har ta yi ƙas. Aka rufe, aka tayar da janareta. Ajin ya yi tsit. Fanka ta juya, aka ji ƙara sau ɗaya, sai rubutu ya bayyana. Ihun da muka yi sai da ya fito da malamai daga ofis. Kwanan watan da ta nuna dai ba daidai ba ne, saboda ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata agogo ya mutu.

Ta biyun ba ta tashi ba, akwatin wutarta ya ƙone. Muna tara kuɗi kaɗan-kaɗan domin a sayo mana wani a titin Beirut a Kano. Wadda ta tashi kuwa mun raba mata lokaci, kowa minti goma sha biyar, yana koyon kibod da linzami. Hannunmu ya daina rawa, domin mun san abin da ke ciki. Gani ya kori ji.

'Yan uwa ɗalibai, idan akwai kwamfutar da aka jingine a makarantarku, ku nemi izinin malaminku, ku cire ta daga wuta, ku buɗe ta tare da shi. Ko ba ta tashi ba, za ku ga firosesa da idonku. Wataƙila kuma ƙura ce kawai ke damun ta.