Daga Dodoru Zuwa Gadon Asibiti, Minti Nawa?

Dodoru mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwandu, ƙasar gero da dawa. Na isa da hantsi, damina ta yi nisa, amfani ya rufe hanyoyin gona har mai babur sai ya riƙa sunkuyar da kai. A gindin wata bishiya na tarar da 'yan kabu-kabu suna jiran fasinja, na tambaye su yadda ake yi idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ko maciji ya sari manomi. Ba wanda ya ambaci motar asibiti. Maƙwabci ake bugawa ƙofa, a nemi mai mota, a yi cinikin mai, sannan a kama hanyar Gwandu. Idan abin ya fi ƙarfin can, sai Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko na Gwamnatin Tarayya, ko kuma cibiyar lafiya ta jiha da ke Kalgo.

A takarda kam an yi tanadi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti korar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan jinya. A 2022 aka ƙaddamar da NEMSAS, shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa, ga kuma lambar 112 da ake kira kyauta.

A wani ƙaramin asibiti da ke yankin, ma'aikaciya ta buɗe mini babban littafin rajista, gefensa duk ya lanƙwashe saboda yawan juyawa. Akwai gurbin suna, da shekaru, da ƙauye, da ciwo. Babu gurbin sa'ar da jini ya ɓalle, ko sa'ar da aka samu mota, ko sa'ar da aka iso. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Mace mai zubar jini bayan haihuwa na iya rasuwa cikin sa'o'i biyu idan ba a kai mata ɗauki ba, don haka lokaci shi ne abin aunawa. A Ingila an ɗora wa motocin asibiti mizanin minti 7 a matsakaici ga kiran da rai ke cikin haɗari, kuma duk wata ake wallafa sakamakon, a ga ko sun cika ko sun gaza. Mu nan mun fi sabawa da jin adadin motocin da aka saya ranar bikin miƙa makullai.

Ba sai an jira kwamfuta ba. Kwamitin ci gaban mazaɓa, da ungozomomi, da direbobin da ake tasa cikin dare, za su iya riƙe littafi guda su rubuta lokutan nan uku ga kowane mara lafiya. Ina roƙon hukumar lafiya ta Jihar Kebbi ta ƙara waɗannan gurabe a rajista, ta kuma riƙa karanta wa jama'ar Dodoru sakamakon a bainar jama'a.