Agogo Sarkin Aiki: Dalilin da Ya Sa Tobi Amusan Ce Gwanata



A makarantar nan ba a rasa gardamar gwani. Wannan ya ce Ronaldo, wancan ya ce Messi, wani kuma ya ce shi Ahmed Musa ne nasa tun ranar da ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018. To, akwai mu biyar da ake tsokana da sunan 'yan agogo. Mu ne in an fita tara kuke gani a gindin darbejiya, kowa ya miƙo hannu ana duba na wa ya yi gaba, na wa ya yi baya. Mu ma muna da gwanayenmu na wasanni, sai dai ta fuskar agogo muke zaɓensu. Yau ina so in gaya muku zaɓin abokaina, in gaya muku nawa, sannan in roƙi malamanmu wata alfarma.

Babbanmu, wanda ke aji shida, gwaninsa Roger Federer ne, ɗan ƙwallon tanis na ƙasar Siwizalan, ƙasar da ta fi kowace suna wajen ƙera agogo. Federer ya ci manyan kofunan tanis 20 kafin ya yi ritaya a 2022, takwas daga ciki a Wimbildon. Abin da ke burge abokin namu shi ne, in ya gama wasa sai ya ɗaura Rolex ɗinsa kafin ya ɗaga kofi. Na biyu ya ce ai wannan ado ne kawai, shi Rafael Nadal na Sifaniya yake yi, domin shi da agogonsa a hannu ya riƙa buga wasan. Kamfanin Richard Mille ne ya ƙera masa wani a 2010 wanda nauyinsa bai kai giram 20 ba har da maɗaurinsa. Da hagu Nadal ke riƙe abin bugu, agogon kuma yana hannun dama, kuma ya ci gasar Faransa sau 14. Na uku Usain Bolt na Jamaika ya riƙe, mai gudun mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin a 2009. Na huɗu kuwa ba ya ko sauraron kowa in ba Eliud Kipchoge na Kenya aka ambata ba, wanda ya yi gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba, 2019. Ba a rubuta wannan a matsayin tarihin duniya ba, saboda an shirya masa masu jan gudu suna sauya juna, amma dai shi ne ɗan Adam na farko da ya sauko ƙasa da awa biyu.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da na lura da shi kawai, duk inda hirar ta faro, a kan kuɗi take ƙarewa: agogon wane miliyan nawa ne, na wane gida nawa zai saya.

Ni kuwa a teburin kawuna na koyi son agogo. Gyaran agogo yake yi a bakin kasuwa, kuma ranar Asabar nakan je in taya shi sauya batir da maɗauri. Shi ya buɗe mini bayan Seiko 5, irin wanda alhazai kan dawo da shi tsaraba, ya nuna mini sifirin ɗin da ke naɗe a ciki da 'yar ƙaramar tayar da ke kaiwa da komowa kamar bugun zuciya. Ya kuma nuna mini cikin agogon batir, inda wani ɗan ƙanƙanen dutse da ake kira kwaz ke karkarwa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya. Masu son lissafi su gwada: a yi ta raba wannan adadi biyu har sau 15, za a samu ɗaya cif. Haka agogon ke fitar da sakan guda.

Wata rana na tambaye shi, "Kawu, wanne ya fi faɗin gaskiya, Rolex ko wannan nawa?" Nawa Casio F-91W ne, baƙin nan na roba da aka fara fitarwa a 1989, wanda ake samu a kowace kasuwa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, je ka yi lissafi. Masu Rolex sun yi alkawarin ba zai kauce fiye da sakan 2 a rana ba. Masu naka sun ce sakan 30 a wata. To, wa ya fi?" Na lissafa, na ga sakan 2 sau 30 ya zama 60. Wato agogon robar da ke hannun ɗan makaranta yana iya riƙe lokaci fiye da na attajiri. Tun daga nan na fi damuwa da abin da agogo ya faɗa a kan ɗan wasa fiye da agogon da ɗan wasan ya ɗaura. Shi kansa Kawu gwaninsa Nwankwo Kanu ne. Yakan ba ni labarin wasan kusa da na ƙarshe a Olamfik ta Atalanta a 1996, yadda Birazil ke gaban Najeriya da ci 3 da 1, Victor Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya farke a minti na 90, sannan ya ci ƙwallon da ta tashi wasa a ƙarin lokaci. Kawu ya ce duk wanda ya yi aikinsa agogo na gab da cika, shi ne namiji.

Da na faɗa wa abokaina cewa Tobi Amusan ce tawa, sai da suka kusa faɗuwa don dariya. Ɗaya ya ce, "Haba mutumina, duk mazan duniya ka rasa gwani sai mace mai tsallake katako? Wane agogo ma take ɗaurawa?" Ban amsa masa a lokacin ba. Ga amsar yanzu, kowa ya karanta.

An haifi Tobi Amusan a Ijebu Ode ta jihar Ogun a 1997, kuma iyayenta malaman makaranta ne. Daga baya ta samu gurbin karatu a Jami'ar Teksas da ke El Paso a Amurka. Wasanta shi ne tseren mita 100 na tsallake shinge. Shinge goma ne a jere, kowanne tsayinsa kusan santimita 84, tsakanin wannan da wancan mita 8.5, kuma taku uku kacal ake yi a tsallake na gaba. In ƙafa ta taɓi guda ɗaya, sau da yawa shi ke nan, tseren ya lalace.

A gasar duniya da aka yi a Doha ta ƙasar Katar a 2019, ta kai zagayen ƙarshe ta yi sakan 12.49. Wadda ta zo ta uku, Danielle Williams ta Jamaika, ta yi 12.47. Kashi biyu cikin ɗari na sakan ɗaya ne ya raba Tobi da lambar tagulla. Mai irin wannan gudu tana cin kimanin mita takwas a sakan guda, saboda haka tazarar ba ta wuce santimita 16 ba, wato kusan rabin rular da ke cikin jakarka. Ta koma gida hannu rabbana.

Shekara biyu bayan haka aka yi Olamfik ta Tokiyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021. Nan ma ta kai zagayen ƙarshe, nan ma ta huɗu ta zo. Ta yi 12.60, ta ukun ta yi 12.55. Ku dubi wannan hali, jama'a. Shekaru kana tashi da asuba kana atisaye, sau biyu kana zuwa bakin ƙofa ana rufewa a fuskarka. Na huɗu ba ya hawa dandamali, ba a ɗaga tutar ƙasarsa, ba mai tuna sunansa. Da yawa a nan suke ajiye takalmi.

Ranar 24 ga Yuli, 2022, a gasar duniya ta birnin Yujin da ke jihar Oregon a Amurka, Tobi ta shiga zagayen kusa da na ƙarshe. Da ta tsallake layi, allon fili ya nuna 12.12. Tarihin duniya a lokacin 12.20 ne, wanda Kendra Harrison ta Amurka ta kafa a Landan a 2016. Ta rage shi da kashi takwas cikin ɗari na sakan. Mun gwada da agogona, kowa ya danna maɓallin auna gudu ya sake dannawa da iyakar saurin yatsansa. Mafi saurinmu a 0.14 ya tsaya. Abin da ta zabtare daga tarihin duniya ya fi danna maɓalli sau biyu gajarta.

Har tsohon zakaran gudun Amurka, Michael Johnson, sai da ya nuna shakkar ko agogon filin na aiki daidai, 'yan Najeriya kuma suka yi masa ca. A nan ne sanin agogo ya yi mini rana. Zamanin da mutum ke danna agogo da hannu a irin wannan gasa ya wuce. A Olamfik ta 1932 a Los Anjalis ne kamfanin Omega ya aika ma'aikaci ɗaya da agogo 30 na hannu. Yanzu bindigar tashi a haɗe take da na'urar ƙidaya, ga kyamara a kan layin ƙarshe tana ɗaukar hoto dubbai a sakan guda, kuma gangar jiki ake dubawa, ba kai ko hannu ba. Wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan harbi, an ɗauka ya yi satar tashi. Kamfanin Seiko ne ya auna tseren Yujin, wato masu ƙera irin agogon da ke teburin Kawu. Hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta bincika, ta tabbatar da 12.12.

A yammacin wannan rana ta sake fitowa zagayen ƙarshe ta yi 12.06, ta ci zinare. Wannan lokacin bai shiga littafin tarihi ba, domin iskar da ke tura su ta kai mita 2.5 a sakan, alhali doka ba ta yarda ta wuce 2.0 ba. Ma'aunin da ya ba ta ɗazu, shi ya hana ta yanzu, bai yi mata kara ba. Ita ce 'yar Najeriya ta farko, mace ko namiji, da ta zama zakarar duniya a wannan gasa. Da aka sa taken ƙasa tana kan dandamali, hawaye ta yi ta zubarwa. Kuma ba a nan jarrabawarta ta ƙare ba: a Olamfik ta Faris a 2024 ko zagayen ƙarshe ba ta kai ba, amma a gasar duniya ta 2025 a Tokiyo, garin da ta taɓa zuwa ta huɗu, ta dawo ta ɗauki azurfa.

Abin da ya sa take gwanata ke nan. A Doha da Tokiyo ba a ce mata "kin faɗi" kawai an sallame ta ba. Agogo ya gaya mata daidai abin da ya rage: 0.02 a can, 0.05 a nan. Wanda ya san tazarar da ke tsakaninsa da nasara ya san aikin da zai yi gobe da safe. Mai nema yana tare da samu, amma ya fi sauƙi in ya san nisan abin da yake nema.

Yanzu ga alfarmar da na ambata. A gasar wasannin gidaje da muke yi duk shekara, na ɗaya da na biyu da na uku kawai ake rubutawa, ba a auna lokacin kowa. Bara na ga wani yaro ɗan aji biyu ya zo na huɗu a mita 100, tsakaninsa da na uku bai fi taku ɗaya ba. Ya koma ya zauna shi kaɗai, bana kuma ya ce ba zai shiga ba. A wajen 'yan mata ma haka abin yake, in ma an samu masu fitowa. Ba wanda ya san ko mun taɓa yin ɗalibar da ta fi ta bara gudu, tunda ba a ajiye komai ba.

Mu 'yan agogo muna roƙon malamin wasanni ya ba mu dama mu tsaya a layin ƙarshe bana, kowa da layin da zai kula da shi. Uku a cikinmu suna da agogo mai auna gudu, sauran za mu aro. Mun san awon hannu bai kai na na'ura ba, don haka za mu riƙa cika shi zuwa kashi ɗaya cikin goma na sakan, kamar yadda ake yi. Muna kuma so mai tayar da tsere ya riƙa sauke tuta tare da hura usur, domin malamin fiziks ya koya mana cewa ƙara na tafiyar kimanin mita 340 a sakan, wanda ke nesa da mita 100 sai bayan kusan kashi uku cikin goma na sakan zai ji ta. Da ido za mu danna, ba da kunne ba. Bayan gasa, Ƙungiyar 'Yan Jarida za ta liƙa lokacin kowa a wannan allo, daga na ɗaya har na ƙarshe, maza da mata, a kuma ajiye kwafi a ofis don baɗi.

Duk mai agogon da ke auna gudu, ko mai son koyon yadda ake yi, ya ba sakataren ƙungiya sunansa da ajinsa kafin ranar Juma'a. Ɗan aji biyun nan kuma, in kana karantawa, mun ajiye maka layi.

Wassalam.

Daga wani ɗalibin aji biyar, memba a Ƙungiyar 'Yan Jarida.