Godiyar Wanda Ya Tashi Daga Jinya



Na jima ina lura da cewa idan ɗayanmu ya tashi daga doguwar jinya, yakan gode wa Allah, ya yi sadaka, ya zaga gidajen waɗanda suka je dubiya. Amma da wuya ya koma asibiti ya nemi ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a tsaye a kansa. Alhali ya tabbata a hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa godiyar bawa ga Ubangijinsa ba ta cika matuƙar yana butulce wa mutane. Waraka ta Allah ce, amma ta hannun bayinSa take zuwa.

Duk lokacin da na zo wannan babi da ɗalibaina a Islamiyya, nakan kawo musu labarin wani dattijo a Ingila, Kyaftin Tom Moore, tsohon sojan da ya yi yaƙin duniya na biyu a Indiya da Bama. A 2018 ya faɗi ya karye a ƙugu, ga kuma cutar dajin fata da aka yi masa magani. Da annobar korona ta ɗora wa asibitoci nauyi a 2020, bai manta da hannayen da suka yi jinyarsa ba. Yana da shekara 99, yana dogara ƙarfen tafiya, ya ɗauki alkawarin zagaya lambun gidansa sau 100 kafin ya cika shekara 100, domin ya tara wa ma'aikatan lafiya fam 1,000. Ranar 30 ga Afrilu, da aka rufe karɓar gudummawa, an tara sama da fam miliyan 32. Ya mutu a Fabrairun 2021.

Abin da ya fi taɓa zuciyata, ya ɗan'uwa mai karatu, shi ne ƙanƙantar abin da ya nufa da farko. Ba shi da ƙarfin jiki, sai 'yan takun da suka rage masa, kuma su ya bayar.

Sai dai tara dukiya da sunan taimako amana ce mai nauyi. Kuɗin tattakin sun isa inda aka nufa, domin kai tsaye aka miƙa su ga haɗakar ƙungiyoyin agajin asibitocin ƙasar. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, hukumar sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta bayyana a 2024 cewa wasu daga iyalinsa sun ci moriyarta ba bisa ƙa'ida ba. Don haka wanda zai tara, ya rubuta abin da ya shigo, ya sa shaidu, ya miƙa ga masu shi.

A wurinmu, ko kwalin safar hannu ko fitilar sola ga ɗakin masu aikin dare ya isa mafari.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.